Yadda Shugaban Makaranta Zai Tallafa wa Malama Mai Shayarwa

Ma'aikaciyar ofis tana iya ajiye biro ta fita na ɗan lokaci, amma malamar da ke tsaye gaban yara sittin ba ta da wannan damar, shi ya sa taimakon shugaban makaranta yake farawa daga jadawalin darussa. Tun kafin malama ta dawo daga hutun haihuwa, ka zauna da mai tsara jadawali ku raba mata darussan yadda ba za ta wuce awa uku a jere ba tare da ta shayar ko ta tatsi nono ba. Idan nono ya cika aka bar shi, yakan yi tauri da ciwo, wani lokaci har da zazzaɓi, sannan ruwansa ya fara raguwa. Lokacin tara kaɗai ba ya isa, domin a cikinsa ne za ta ci abinci ta kuma kama ruwa.

Kada ka jira sai ta roƙa. Kunya takan hana mace ta yi wa namiji wannan maganar, musamman idan goyon fari ne, don haka ya fi kyau ka wakilta wata babbar malama ta ji buƙatunta. Ka kuma sani cewa sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadar wa mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6.

Sai batun wuri. Ɗaki mai ƙofa da sakata, da kujera ko tabarma, da ruwa da sabulu, ya wadatar, amma ban yarda a tura mace banɗaki ta tatsi abincin jariri ba. Idan ta zo da 'yar raino, a ba su inuwa kusa da ajinta, nesa da ƙura da hayaniyar filin wasa. Nonon da aka tatsa ba ya wuce awa 4 a fili, a lokacin zafi ma bai kamata ya kai haka ba. Inda babu firji, kula mai ƙanƙara tana riƙe shi har a tashi.

A watannin farko ka ɗauke mata tsaron jarrabawa mai tsawo da darasin yamma, ka kuma sanar da sauran malamai da bakinka wanda zai riƙe mata aji, domin kada a riƙa yi mata gori a ofishin malamai.