Kafin ka zargi NEPA, buɗe fanel ɗinka ka duba

A wata masana'antar roba da ke Ikeja, a Legas, wani inji ya dinga tsayawa da kansa, ma'aunin zafi yana ta tsalle babu dalili. An sauya PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, an zargi NEPA, an zargi janareta. Da muka buɗe fanel, wato akwatin kayan wutar injin, sai ga wayar ma'aunin kwance a kwata ɗaya da kebul ɗin da ya fito daga inbata, mai daidaita gudun motar lantarkin injin, zuwa motar, an ɗaure su tare tamau.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Inbata tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, hayaniyar lantarkin da hakan ke haifarwa kuwa tana tsallakawa cikin duk siririyar wayar da ta raɓe ta. Ko siginar ma'auni ta 4 zuwa 20 miliamfiya ma tana iya ɗaukar wannan hayaniyar. Gyaran shi ne ka ware inbata da kwantakta, wato makunnin da ke ba mota wuta, gefe guda, PLC da wayoyin sigina ɗaya gefen, ka bar tazarar aƙalla santimita 20. In dole sai sun haɗu, su gitta juna a miƙe kamar alamar tarawa, kada su jera.

Na biyu ya fi ba ni takaici, domin an riga an kashe kuɗi. Mutum ya je kasuwar Alaba ya sayo kebul mai sulke, wato saƙar ƙarfen da ke kare wayar daga hayaniya, sannan ya murɗe sulken kamar jelar ɓera ya maƙale a dunƙule. Ai ka zubar da amfaninsa. Fere rigar kebul ɗin, ka kama sulken da maƙalin da zai zagaye shi gaba ɗaya, ya manne da farantin ƙarfen fanel. Farantin ma in da fenti, kankare wurin. A Apapa, inda iskar teku ke cin ƙarfe, riƙa duba mahaɗan nan saboda tsatsa, ko ka nemi faranti mai rufin zinki tun farko.

Tace-hayaniya kuma, wato filta, a sa ta dab da inbata, wayar shiga da ta fita su yi nesa da juna. Kwayil ɗin kwantakta a sa masa abin kashe tartsatsi: dayod in wutar DC ce, RC, wato rezista da kafasita, in AC ce. Ƙofar fanel a haɗa ta da jiki da gajeriyar faffaɗar waya saƙaƙƙiya.

A Ikeja ɗin nan, kwata muka raba wa wayoyin, muka gyara sulke. Tsohon PLC ɗin da aka cire muka mayar, yana nan yana aiki.