Kurakuran da masu fita cin nama ranar kasuwa suke ta maimaitawa

Mu nan ƙauyukan da ke tsakanin Wudil da Gaya, shaƙatawarmu ita ce ranar kasuwa. Mutum ya gama aikin sati, ya sa wankakkiyar riga, ya hau mashin zuwa Wudil ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci ya samu benci a gefen mai kifi ko gaban tukubar mai nama ya zauna da abokansa. Mutanen Maigatari tasu Alhamis ce, na Gujungu da Dambatta kuma Lahadi. Na fi shekara 20 ina wannan fita. Yaran da na koyar a firamare yanzu sun zama samari, suna fita da kuɗin guminsu, kuma wallahi na gaji da ganinsu suna faɗawa ramukan da na faɗa da idona biyu.

Babban cikinsu shi ne sayen kwantai, wato naman jiya da bai ƙare ba aka sake ɗumama shi. Shekara 7 ke nan, cikin watan Afrilu, na tsaya a wata tasha da hantsi na tarar da tsire a jere yana ƙyalli. Ban tambayi kaina yadda aka yi tsire ya gasu tun ƙarfe 11 na safe ba, alhali mahauta sai sun yi fiɗa, sun yanyanka, sun tsira a tsinke, sun shafa ƙuli, yawanci sai wajen la'asar tukuba take kankama. Mai naman ya yayyafa masa mai, ya kara shi a gefen wuta, ya zabga yaji, ya ƙara min tsinke biyu gyara. Na ci, na ƙunso saura na kai gida. Kafin asuba ni da uwargida da 'yata mai shekara 4 duk muna amai da gudawa. Mu manya mun miƙe bayan kwana biyu. Yarinyar kuwa idonta ya faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba, sai da ta yi kwana huɗu a gadon asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Ragon da nake kiwo don layya a kan maganin nan ya tafi, kuma ban damu da ragon ba. Abin da har yau yake sukata shi ne da hannuna na ba ta naman tana murna.

Abin da samari ba su gane ba shi ne wuta ba ta gyara naman da ya riga ya lalace. A bazara zafin ƙasar nan yana haura digiri 40, kuma a irin wannan ɗumi ƙwayoyin cuta suke hayayyafa cikin gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Wasu ƙwayoyin ma guba suke bari a jikin naman, ko an sake gasa shi sun mutu, gubar tana nan. To ina ga wanda ya kwana a cikin daro an rufe shi da takarda?

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka: ba na cin tsiren da ban ga ɗanyensa ba. Ina zuwa zan ce, "Malam, ɗora min sabo, zan jira." Minti 20 ne, in ya yi yawa rabin awa, kuma ai hira aka fito yi. Abokaina suna cewa na cika tsirfa, ni kuma na lura mahaucin ƙwarai bai taɓa jin haushin wannan magana ba, wanda ya ɓata rai shi ne mai abin ɓoyewa. Sabon tsire ƙulinsa ja-ja ne, yana warwatsewa in ka taɓa. Kwantai ya yi duhu, ƙulin ya dunƙule ya kama jikin tsinke, in ka ɓare tsoka za ka ji ɗan yauƙi da tsami-tsami a ƙasan yajin. Balangu kuma a yanko maka daga wanda ke kan wuta yana tsatsafar da mai. Kifi, tarwaɗa ne ko karfasa, a tsamo shi daga kasko a gabanka, in kuwa ka ga man suyar ya yi baƙi ƙirin kamar tsohon man inji, yi gaba.

Ku kuma masu saye da azahar ku cusa a ƙarƙashin sirdin mashin, ku tafi kallon ƙwallo ko majalisa, sai bayan isha'i ku kai wa yara, me kuke nufi? Ko da sabo kuka saya, kun mayar da shi kwantai da kanku. Tsaraba ita ce sayayyar ƙarshe, daga ita sai hanyar gida. In kun san za ku daɗe, ku sayi kilishi ko gurasa, su ba ruwansu da jira.

Ruwa ma haka. Mutum zai tsaya ya tantance nama, sannan ya kora da zoɓon da bai san da wane ruwa aka haɗa ba, ko ya ce a jefa masa ƙanƙara a fura. Ƙanƙarar nan ruwa ce, kuma daskarewa ba ta tsarkake ruwa. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Ni fura da nono a wurin mace ɗaya nake sha, wadda na san ƙwaryarta da ludayinta, kuma ba na yarda a tsinka min da ruwan jarka. Da damina ma gaba ɗaya nake haƙura da kayan sanyi na ƙulli.

Kuskure na biyu da ya ƙona min rai na kuɗi ne. Cikin watan Fabrairun 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a bayan an canza fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, na gayyaci tsohon malamina, wanda ya koya min karatu a aji uku, tare da abokan aikina biyu. Na ce wa mai nama, "Yanko mana mai kyau," ban faɗi na nawa ba, ban tambayi farashi ba, na dogara da kuɗin da ke cikin asusuna. Aka ci, aka ƙara, aka sha lemo. Da aka zo biya lissafi ya ninka abin da na zata, na tura ta waya, aka cire a wurina, shi kuwa bai gani ba. "Malam, alat bai shigo ba," ya faɗa har sau uku, mutane suna juyowa. Masu POS duk sun ce babu tsaba. Ina tsaye ina ta danna waya gumi yana karyo min, sai dattijon nan ya zura hannu a aljihun 'yar cikinsa ya zaro 'yan kuɗin da ya ɓoye na cefane ya ce, "Bari, ɗana, ni da kai ai ɗaya ne." Na mayar masa washegari, kuɗina kuma sai bayan sati biyu suka dawo, amma na so in karrama shi ne, na ƙare da sa shi biya.

Yanzu kafin in zauna sai na ƙirga abin da ke aljihuna, tsaba. Kuɗin mai ko na mota suna aljihu dabam, ba na taɓa su ko me na gani. Ba na cewa "yanko mana", cewa nake "na dubu uku", in miƙa kuɗin tun kafin wuƙa ta hau katako. In ta waya zan biya, sai ya shiga tukuna mu fara ci. In kuma mu da yawa ne, a faɗa tun a hanya: karo-karo ne ko mutum ɗaya ne ya ɗauki nauyi. Na ga abota ta shekaru ta yi tsami a kan wannan kara da ake yi wa juna, kowa yana ci yana zaton ɗan'uwansa ne zai biya. Kuma ku samari, don Allah ku daina cin bashin mai nama saboda budurwa ta gani ko abokai su yaba. Ranar kasuwa ta gaba ku ne masu zagayawa ta bayan rumfa kuna ɓuya, wanda ya yarda da ku kuma jarinsa ne ya karye.

Sauran ƙanana ne. Kada ka tsoma hannu a robar wanke hannun da mutum goma suka riga ka, karɓi buta a zuba maka. Ka ce a sa yaji a gefe, ka ɗanɗani naman da kansa tukuna. Albasa da tumatir da aka yanka tun safe ƙuda yana bi, ce a bar su. Tsohuwar jarida tawadarta tana narkewa a jikin nama mai zafi, ni da 'yar samira nake fita. Masu zuwa da littafi irina su karanta a teburin mai shayi, ku sa shi a leda, man tsire in ya taɓa takarda ba ya fita. Kada a kai magariba a kasuwa in a kan mashin aka zo, manyan motoci ba sa ganin mai ƙafa biyu da dare.

In kuma tsautsayi ya afka, kada ku ruga kemis ku haɗiyi ƙwayar tsayar da gudawa ku kwanta. A fara da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ana kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Ni fakitin da ake sayarwa a kemis ba ya yankewa a ɗakina. Yaro ko tsoho kuwa, da zarar ya daina fitsari, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, a nemi mashin a daren a kai shi asibiti, kada a ce sai gari ya waye.