Ga masu fama da zubewar gashin gaban goshi

'Yan uwa mata, kafin ki kashe kuɗi a kan mayukan gashi, fara duba kitsonki. Kitson da aka ja har fatar kai ta ɗaure, ko kika kasa barci a daren da aka yi shi, shi ne ke cinye gaban goshi. In kin ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso, tsefe shi a ranar. Wannan ya fi damuna, domin idan aka daɗe ana jan wurin, saiwar gashin takan mutu, kuma babu man da zai dawo da ita. Ki koma manyan kalaba masu sassauci, ki huta da ƙarin gashi da rilaksa, ki sassauta ɗaurin ɗankwali.

Mai jego kuwa ta kwantar da hankalinta. Gashi kan zube wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, yawanci kuma yakan dawo kafin yaro ya shekara. Amma ki je a auna jininki, don ƙarancin jini na ƙara zubar da shi. Ki yawaita cin hanta, ƙwai, wake da zogale.

Man kaɗanya yana hana gashi bushewa da karyewa, amma ba ya tsirar da sabo. Gashi na ƙaruwa kamar santimita 1 a wata, sai haƙuri. In wurin ya yi sanƙo mai zagaye ko yana ƙaiƙayi da ɓarewa, je ki ga likitan fata.