Yadda za ka kalli wasan Xabi Alonso ka koyi tsayuwa a tsakiyar fili

Idan kana buga lamba shida, wato ɗan tsakiya da ke tsayawa a gaban 'yan baya, ko kana horar da yaron da ke buga ta, ka nemi cikakken wasan minti 90 na Xabi Alonso, tsohon ɗan wasan tsakiya na Sifaniya. Gutsattsarin bidiyon da ke yawo a YouTube ba za su amfane ka ba. Can za a nuna maka ƙwallon da ya ci Newcastle a 2006 tun daga ɓangaren ƙungiyarsa Liverpool na fili, ka yi ta tafi, alhali aikinsa na gaskiya yana faruwa ne a lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa.

Ni wasanni uku nake ba yara. Na farko Sifaniya da Faransa a gasar Turai ta 2012, wasansa na 100 a ƙasarsa, inda ya ci duka ƙwallaye biyun. Na biyu duk wani wasan Bayern na kakar 2014 ƙarƙashin Guardiola. Na uku wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2005 a Istanbul, tsakanin ƙungiyarsa Liverpool da AC Milan.

Da ka kunna, ɗauke idonka daga ƙwallo ka ɗora a wuyansa. Kafin a ba shi, sai ya waiga hagu, ya waiga dama, wani lokaci ya sake. Tsayar da bidiyon daidai lokacin da ƙwallon ke hanyar zuwa gare shi, ka tambayi kanka: da ni ne, wa zan ba? Sannan ka saki ka ga abin da ya yi. Sau da yawa za ka tarar ya riga ya yanke shawara tun ƙwallon ba ta iso ba, shi ya sa ba ka ganin yana gaggawa, duk da cewa shi ba mai gudu ba ne.

Daga nan sai tsayuwarsa. Ba ya juya wa ragar abokan hamayya baya gaba ɗaya. Yana tsayawa a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon mai ba shi, ɗayar na kallon gaba, ya bar ƙwallon ta wuce gabansa ya tare ta da ƙafar da ke nesa. Taɓawa ɗaya, fili ya buɗe masa. A Bayern har komawa yake yi tsakanin 'yan baya biyu ya karɓa daga can, kuma a wani wasa da Cologne a 2014 ya taɓa ƙwallo fiye da sau 200. Ƙirga gajerun bugun da yake yi kafin dogon. Yara dogon suke so, wanda ke tsallake fili ya sauka a ƙirjin ɗan gefe. Amma sai ya yi ta bayar da gajeru har abokan hamayya su taru a ɓangare ɗaya, sannan ya ɗaga ta zuwa inda suka bari.

Wasan Istanbul kuwa don tsaro nake nuna shi. Kafin hutun rabin lokaci Kaká na Milan ya yi yadda ya so a bayan Alonso da Gerrard, AC Milan ta ci uku. Da kocin Liverpool Benítez ya sa ɗan tsakiya Hamann, tsakiya ta toshe, Liverpool ta farke duka, Alonso ne ma ya ci ta ukun bayan mai tsaron ragar Milan Dida ya tare fenaritinsa. Ko gwani irinsa yana bukatar abokin tsayuwa. Ka kuma lura ba ya yawan zubewa ƙasa don ƙwace ƙwallo. Ya taɓa faɗa cewa wannan dabara ce ta ƙarshe, wadda ake yi idan tsayuwa ta riga ta ɓaci, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Bayan ka gama da Alonso ɗan wasa, koma kan Alonso koci. Bai yi tsalle ba: ya fara da yara 'yan ƙasa da shekara 14 a Real Madrid a 2018, ya koma ƙungiya ta biyu ta Real Sociedad, gidan da mahaifinsa Periko ya ci La Liga sau biyu, ya hau da su rukuni na biyu a 2021. A Oktoban 2022 ya karɓi Bayer Leverkusen tana ta biyun ƙarshe a tebur. Kakar da ta biyo baya ta ɗauki Bundesliga karon farko a tarihinta, nasara 28, canjaras 6, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Kalli wasanninsu na wannan kakar ka sa ido a kan ɗan tsakiyarsu Granit Xhaka, za ka ga waige iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya. 'Yan baya uku suna juya ƙwallo, Grimaldo da Frimpong sun buɗe gefe, Wirtz yana laɓe tsakanin 'yan tsakiya da 'yan bayan hamayya, Boniface namu yana riƙe 'yan bayan hamayya.

Kada ka tsallake wasan da suka faɗi. A Dublin, a wasan ƙarshe na Europa na 2024, Atalanta ta koci Gasperini ta ba kowane ɗan Leverkusen mai gadinsa, ta hana Xhaka juyawa, Ademola Lookman ya zura uku. Duk yaron da zai buga shida ya kamata ya ga abin da ke faruwa idan aka manne masa.

Sai a fita fili. Ka shata murabba'i mai taku 12 kowane gefe, yara huɗu a gefuna, ɗaya a tsakiya, biyu masu ƙwacewa. Wanda ke bayan na tsakiyar ya ɗaga yatsu, shi kuma dole ya faɗi adadinsu da ƙarfi kafin ƙwallo ta taɓa ƙafarsa. In bai faɗa ba, ko da bugunsa ya yi kyau, ya koma cikin masu ƙwacewa. Idan sun saba, ka rage faɗin zuwa taku 10, ka kuma hana taɓawa fiye da biyu.