Yadda ake zaɓen farin dutsen kwats na kantar kicin a Bauchi

Kwats ɗin da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin ba yanko shi ake yi daga dutse kamar giranit ko mabul ba. A masana'anta ake haɗa shi: kashi 90 zuwa 93 cikin ɗari niƙaƙƙen dutse ne mai tauri da ake kira kwats, sauran danƙon roba da launi, a matse su a gasa. Danƙon ne ke toshe kafofin da mai da ruwa za su bi su shige, kuma shi ne ba ya jure wuta da rana.

Saboda haka a fara da duba kicin ɗin kafin a je wurin mai kaya. Idan kicin na tsakar gida ne inda ake hura gawayi ko itace, a haƙura da kwats, a sa giranit. Danƙon yana fara ƙonewa daga zafin digiri 150, tukunyar tuyar ƙosai kuwa ta wuce haka. Da an dire ta a kai sai ta bar zoben ruwan ɗorawa wanda babu sabulun da zai fitar. Haka idan rana na faɗowa kan kantar ta taga tun hantsi har la'asar, farin zai riƙa komawa ruwan ƙwai a hankali, kuma ba ya dawowa. Labule ko rumfa a kan tagar na maganin wannan.

Sai zaɓen irin farin. Akwai fari sol, akwai mai ɗige-ɗige, akwai mai jijiyoyin toka-toka irin na mabul. Fari sol ya fi kyau a hoto, amma shi ya fi tona asiri: ƙurar hunturu ta wuni ɗaya, ɗigon miya, layin da aka haɗa guda biyu, duk a fili. Gidan da ake girki sau uku kullum, mai ɗige-ɗige ko mai siraran jijiyoyi ya fi rufa asiri. A ɗauki mai sheƙi, domin marar sheƙi yana riƙe maiƙo da shatar yatsu. Kada a tsaya ga ɗan guntun da aka nuna. A nemi ganin falankin gaba ɗaya. In aikin zai ci falanki biyu, a tabbata lambar rukuninsu ɗaya ce, don farin wannan rukuni kan sha bamban da na wancan, kuma sai an jera su ake ganewa.

Mataki na uku shi ne gwaji, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba. A karɓo guntu kamar tafin hannu a kai gida. A ɗiga manja, zoɓo mai kauri, timatirin gwangwani, kurkur da aka dama, da shayi, kowanne a gefensa, a bar su su kwana. Da safe a goge da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Mai kyau zai fita fes, ko ya bar 'yar inuwar kurkur da za ta tafi a wanki na biyu. Wanda manja ya zauna masa, a mayar wa mai shi. Daga nan a matsa lemun tsami a bar shi minti 15: idan wurin ya dushe, akwai garin mabul a ciki, ba kwats na gaskiya ba ne. A ja makulli a kai da ɗan ƙarfi. Zanen toka da ke gogewa na ƙarfen ne, amma idan farce ya ji rami, dutsen ya yi laushi. Manyan kamfanoni irin su Caesarstone da Cosentino mai yin Silestone suna buga sunan kayansu a bayan falanki, sai a juya a duba. Na Sin da Indiya ma akwai nagari a ciki, gwajin ne zai raba gardama.

Kauri kuma: milimita 20 ya ishi yawancin kicin. Mai 30 ya fi ƙarfi, amma murabba'in mita ɗaya ya kai kilo 70 da wani abu, na 20 kuwa kusan kilo 50, don haka sai kabad ɗin ya zama mai ƙwari. Mai 15 ya fi dacewa da jikin bango. Falanki yakan zo da tsawon mita 3 da faɗin 1.4, babba kuma 3.2 da 1.6. Kantar da aka saba faɗinta santimita 60 ne, tsayinta daga ƙasa kusan 90.

Ba a awo sai kafinta ya gama kafa kabad, an kuma kawo sinki da kukar gas ɗin da za a sa. Inda magini ya zuba kantar kankare, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa a Bauchi, a ɗora lebur, wato ma'aunin da magina ke duba daidaiton wuri da shi, a kai tukuna. Duk inda ya lotsa, dutsen zai zauna a kan iska, ranar da wani ya hau don ɗauko kwano a sama sai ya tsage. Kada a kafa shi da siminti irin na tayil; gam ɗin silikon ake ɗiɗɗigawa, a bar tazarar milimita 3 tsakaninsa da bango saboda yana ɗan buɗewa da zafi. Kusurwoyin ramin sinki da na kuka a yi su da lanƙwasa, domin daga kusurwa mai tsini tsagewa ke farawa. Mahaɗar falanki biyu kada ta faɗo a kan sinki. Gefen da ya zarce kabad da fiye da santimita 20 yana buƙatar ƙarfen tallafi a ƙasa.

Kafin a biya, a tambaya: kuɗin na falanki ne ko na mita? Ya haɗa da huda ramuka, goge baki da kafawa? Idan daga Legas, Abuja ko Kano za a kawo, a tsaye ake ɗauko shi a kan gefensa, ba a kwance ba, kuma a rubuta wanda zai ɗauki asara in ya fashe a hanya.

Yanka kuwa da ruwa ake yi, a waje. Ƙurarsa na jawo ciwon huhu da ake kira silikosis, wanda ba ya warkewa. Saboda shi ne Ostireliya ta haramta aiki da irin wannan dutse daga 1 ga Yulin 2024. Haɗarin na mai yanka ne da wanda ke kusa, ba na mai girki ba. Ma'aikacin da ya zo zai yanka a bushe cikin kicin da ƙyalle a hanci, a dakatar da shi.

Bayan an kafa, a tanadi faifan katako na dire tukunya da katakon yanka albasa. Turmi ya tsaya a ƙasa. Farin dabbaren da ruwan burtsatse ke bari a gefen famfo, ruwan khal da aka surka yana fitar da shi, sai a ɗauraye nan take. Soda mai cin hannu, tinar da ake surka fenti da ita da soson ƙarfe kuwa kada su taɓa shi.