Zaren ɗaga fuska: ki san wagga magana kafin ki yarda a soka maki

Ƴan uwana mata na Gusau, Ƙaura da Mafara, maganar zaren nan da ake sakawa a fuska ta fara yawa a Instagram da TikTok, a nuno mace kumatu sun zubo, can a sake nuno ta fuska ta ɗame tsaf, a ce wai minti talatin anka yi kuma babu yanka babu ɗinki. To gaskiya ne aikin ba ya cika wuce awa ɗaya. Amma sati biyu zuwa huɗun da ke biyo baya babu mai sa su a bidiyo, kuma nan ne ake samun nasara ko a yi asarar kuɗi da fuska gaba ɗaya.

Yadda abin yake, likita zai yi maki allurar kashe zafi, ya huda ƙaramar kafa wajen gaban kunne ko bakin gashi, ya zura zare ƙarƙashin fata da wani siririn bututu. Zaren da ke ɗagawa yana da ƴan ƙayoyi a jikinshi kamar ƙarangiya, su ke kama nama, sai a ja sama a yanke abin da ya yi saura a waje. Irin zaren ɗinkin tiyata ne mai narkewa, wanda anka fi amfani da shi PDO yana narkewa wajen wata 6 zuwa 8, wasu irin biyu da ake kira PLLA da PCL sun fi shi daɗewa. Kenan abin ba na dindindin ba ne, ɗagawar shekara ɗaya zuwa biyu take yi idan an dace, wasu ma ba su kai shekara ba fuska ta koma gidan jiya. Can baya an yi wani wanda ba ya narkewa a Amurka, Contour Threads, a 2007 anka janye shi daga kasuwa. Don haka duk wadda ta ce maki nata zaren har abada ne, ki tashi ki ɗauki jakarki.

Akwai abubuwan da kusan kowa sai ta gani kuma ba na tashin hankali ba ne: kumburi, taruwar jini a kumatu, jin fuska ta ɗaure, zafi idan za ki buɗe baki ko ki yi dariya, da ɗan lotsawa ko tattarewar fata a wajen da anka ja. Yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu suna lafawa. Wanda ya kamata ki tsaya ki yi tunani a kai shi ne wanda ba ya wucewa da kanshi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya ɗagawa, ko lotsawar ta zauna daram, ko ki shafa ki ji zaren a ƙarƙashin yatsa, wata ma da ido ake hango layinshi idan ta yi murmushi. Wani lokaci bakin zaren ya hudo fata ya leƙo waje, sai ki ga ɗan ƙurji ja da ba ya warkewa, an matse ya dawo an matse ya dawo, ashe zare ne a ƙasa. Ƙwayar cuta na iya bin zaren ta shiga, kuma idan ta kama sosai magani kaɗai ba ya isa sai an ciro zaren, ciro zare mai ƙaya kuwa ba irin zura shi ba ne. Ba a cika samu ba amma yana faruwa a taɓa jijiyar da ke motsa fuska ko hanyar yawu da ta taso daga gaban kunne, shi ya sa hannun da zai yi aikin dole ya zama na wanda ya karanci abin da ke ƙarƙashin fata.

Mu masu baƙar fata muna da namu ƙarin. Wajen hudar na iya barin baƙin tabo da zai ɗauki watanni, kuma idan ke irin wadda hudar kunne ko ƙaramin rauni ke yi wa tabo mai tudu ce, ki faɗa ma likita tun kafin ya tambaya. Sai babbar maganar da ta fi damuna wallahi, man bilicin. Mayukan nan da ake haɗawa a roba babu suna babu lambar NAFDAC, da yawansu akwai maganin siteroyid a ciki, shi kuwa yana sa fata ta yi siriri, rauni ya daɗe bai warke ba, cuta ta samu hanya. Fatar da ta shekara biyar tana shan wanga mai har jijiyoyi sun fito kore-kore, ita ce za a zura ma zare a ja? Kada kunya ta sa ki ce ma likita basilin kawai kike shafawa, ki ɗauki robar ki kai mashi ya gani. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai ƙuraje masu ruwa a fuska, mai shan asfirin ko warfarin na tsinka jini, da mai sikila, duk sai likitan da ke duba su ya sani tukuna, kuma don Allah kada ki daina maganin da anka rubuta maki da kanki don kina son a yi aikin.

Wajen zaɓen mai yi, ba shagon kitso ba, ba ɗakin otal ɗin da wata ta kama ta zo da akwati ta yi kwana uku ta wuce ba. Likita mai rijista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, wanda ya ƙware a fata ko tiyatar gyaran jiki. Ki ce a nuna maki kwalin zaren a rufe, ki duba ranar lalacewa, ki ɗauki hotonshi a waya, a rubuta maki iri da adadin da anka saka da gefen da anka saka. Da yawanmu Abuja ko Kano ko Legas za a tafi a yi, to ki tambaya idan matsala ta taso bayan kin dawo Zamfara wa zai duba ki, kuma kada ki kamo hanya washegari, ki zauna ƴan kwanaki a sake ganinki.

Bayan an gama, aikinki ɗaya ne, ki bar zaren ya kama. Kwana biyun farko ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora a hankali minti goma ki ɗauke, ba dannawa ba. Kwanciya rigingine da filo biyu aƙalla sati ɗaya, sati biyu ya fi, idan kin san ke mai juyi ce a barci ki tare gefe da gefe da filo. Wajen hudar ya zauna a bushe ranar farko, ba hoda ba fandeshan sai kafar ta rufe. Wanke fuska da alwala ki shafa ruwan da tafin hannu a hankali ba gurzawa ba, ki tsane da tawul ba tare da kin ja fatar ƙasa ba. Ana hana yawan sunkuyar da kai a kwanakin farko, saboda haka shara da wanki a duƙe da daka ki bar ma wani, maganar sujada kuma ki tambayi likitan tun a asibiti ki ji mi zai ce, sannan ki tambayi malam.

Abinci sai mai laushi, kunu, koko, fura da nono mai ruwa-ruwa, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ƙananan loma. Kilishi, tsire, rake, aya, goro, cingam da gasasshiyar masara ki yi masu sallama na sati biyu. Hamma ta zo ki tallabi haɓa kada baki ya wage. Cire haƙori ko wankin haƙori a asibiti a ɗaga shi zuwa bayan wata ɗaya sai dai in ya zama dole. Idan zafi ya dame ki parasitamol, ibuprofen da diclofenac da ake ba mutane a kemis suna iya ƙara taruwar jini, kada ki sha sai likita ya ce. In an ba ki maganin kashe ƙwayar cuta ki shanye shi duka.

Amare, ku saurara da kyau. Dilka, halawa, kurkur, suraci da tausar fuska duk gurza ne da zafi, kuma su ne ainihin abin da zaren ba ya so, aƙalla wata ɗaya ba a taɓa fuskar da su. Mai gyaran jiki ba ta san akwai zare a ciki ba sai kin faɗa mata, za ta murza ne da iya ƙarfinta don a ce ta iya aiki. Kuma sati biyu kafin biki ba lokacin yin wagga harka ba ne, ga kumburi ga lotsawa ga mai kwalliya tana jan gira tana danna kumatu. Idan dai sai kin yi, ki ba da tazarar wata biyu ko uku. Zafin Maris da Afrilu ma ki yi la'akari da shi, zufa da tsayawa gaban murhu ba sa taimakon kumburi.

Idan kika ga ja yana yaɗuwa, wajen ya yi zafi rau, mugunya na fita, zazzaɓi ya rufe ki, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana uku, baki ya karkace ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ko kunci na kumbura duk lokacin da kika fara cin abinci, wannan ba na jira ba ne kuma ba na tambayar ƙawaye a WhatsApp ba ne. Ki kira wanda ya yi aikin, in ya yi nisa ki tafi FMC Gusau ko asibitin Yariman Bakura a ranar, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki asibitin koyarwa na UDUTH Sakkwato. Zaren da ya leƙo kada ki ja shi, kada ki sa reza ko almakashi, kada a shafa mashi man zafi ko toka, ki rufe da bandeji mai tsabta ki tafi da hoton kwalin nan da takardar da anka rubuta maki.