Yadda Ake Tara Tsofaffin Hotunan Hafsoshin Soja na Ƙarni na 19

Duk mai son tara hotunan hafsoshin soja na ƙarni na 19 ya kamata ya fara da zaɓen fage guda, kamar hafsoshin Birtaniya da suka yi Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, ko na yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, domin wanda ya ce zai tara komai ba zai taɓa ƙwarewa a kan kakin kowace runduna ba, alhali da kaki ake gane wanda ke cikin hoton.

Sai sanin irin hoton. Dagerotaif, wanda aka bayyana wa duniya a Faransa a 1839, farantin jan ƙarfe ne da aka shafa wa azurfa, yana ƙyalli har sai an ɗan karkata shi kafin fuskar mutum ta fito. Ambirotaif a kan gilashi yake, tintaif kuwa a kan siririn ƙarfe da maganaɗisu ke kamawa. Amma abin da mai farawa zai fi samu shi ne katin ziyara, wanda mai ɗaukar hoto Disdéri ya yi wa rajista a Faris a 1854, wato ɗan hoto a kan takardar da aka shafa wa farin ƙwai, aka manna shi a kwali mai kimanin santimita 6 da 10. Babbansa, katin kabinet, ya fara yaɗuwa daga 1866.

Darajar hoto tana ƙaruwa matuƙa idan an san sunan hafsan, kuma nan ne ake yawan cutar masu saye, saboda rubuta suna da fensir a bayan kati ba wuya ba ne. A ganina bai kamata a biya kuɗin suna ba sai kati da kaki da tarihi sun yarda da juna. A juya katin a karanta tambarin mai ɗaukar hoto da garinsa, a tambayi kai ko rundunar wannan hafsa ta taɓa zama a can. Katin farkon shekarun 1860 siriri ne mai kusurwoyi masu kaifi, na bayan 1870 ya fi kauri, kusurwoyinsa a zagaye. Idan aka ga kan sarkin haraji na gwamnatin Amurka a baya, an sayar da hoton ne tsakanin Agustan 1864 da Agustan 1866.

Daga nan a ɗauki gilashin ƙara girma a duba kafaɗa da wuyan riga da jerin maɓallai. Kanar na rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka alamar gaggafa yake ɗauke da ita a kafaɗa, na Kudu kuwa taurari uku a wuyan riga. Lambar yabo ma shaida ce: hafsan da ke sanye da Victoria Cross, lambar yabon jarumtaka ta Birtaniya, ba a ɗauki hotonsa kafin 1857 ba, shekarar da aka fara raba ta. Muƙaman hafsoshin Birtaniya ana buga su a jaridar London Gazette, don haka ana iya gano shekarar da mutum ya zama kyaftin ko manjo. A kuma tuna cewa dagerotaif da tintaif yawanci suna juya hagu zuwa dama, saboda haka takobi a ɓangaren dama ko haruffan kan ɗamara a juye ba alamar jabu ba ne. Ƙananan ɗigogi a jere bisa tsari su ne ke tona asirin hoton da injin ɗab'i ya kwaikwaya.

Hoton da aka saya a riƙe shi ta gefe, a sa shi cikin aljihun takarda marar asid, a ajiye nesa da hasken rana da laima. Kada a goge fuskar dagerotaif ko da auduga, kada kuma a cire gilashinsa, domin shafa ɗaya tana iya share hoton. Duk abin da aka sani game da shi, da inda aka saye shi da hujjar sunan, a rubuta a takarda dabam a ajiye tare da shi.